Ranar da Jinin Sa'adu Ya Ƙi Daskarewa

Sunana Fadimatu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Abbare, nan cikin Jalingo. Tun bayan abin da ya sami ƙanena Sa'adu mutane ke tare ni da tambaya, wasu don jaje, wasu don su ma suna da manomi a gida kuma tsoro ya kama su. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Asibitin na gwamnati ne, amma ba zan faɗi sunansa ba. A cikinsa akwai waɗanda har yau nake sa su a addu'a, akwai kuma waɗanda in na tuna su sai abinci ya fita raina, kuma dukansu farar riga iri ɗaya suke sawa.

Sa'adu shi ne autanmu. Yana noman shinkafa a fadama kusa da Lau, yana zaune da mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, da matarsa Hauwa da jaririyarsu. Ƙarshen damina ne, ana yankan shinkafa. Ranar wata Talata da hantsi ya je ɗaga damin da aka tara, kububuwa ta sare shi a bayan ƙafar dama, dab da yatsu. Waɗanda ke tare da shi suka kashe ta, suka ɗaure ƙafar tamau da robar taya a ƙasan gwiwa, suka kai shi wurin mai maganin gargajiya na ƙauyen. Ya yi masa tsaga a kewayen wurin, ya shafa wani baƙin gari, ya ba shi jiƙo ya sha ya yi ta amai. Robar nan ta kwana a ƙafarsa.

Ba wanda ya gaya mini sai ranar Alhamis da safe. Ina cikin aji wayata ta yi ƙara, na ga Hauwa ce.

"Adda," ta ce da muryar wadda ta ɓuya tana magana, "tsagar da aka yi masa ta ƙi daina jini. Mun canza tsumma har mun gaji. Kuma in ya tofar da yawu, ja ne."

Na ce ta ba Baffa wayar. Baffa Hammadu ƙanen mahaifinmu ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, kuma ba a saba musa masa ba.

"Fadimatu, kwantar da hankalinki," ya ce. "Mai maganin ya ce dafin ne ke fita. Mutumin nan tun kafin a haife ki yake wannan aiki."

"Baffa, don girman Allah ku kawo shi. In ya warke a hanya, sai ku ci abincin rana a gidana ku koma."

Daga ƙarshe ya ce to. Maigidana ya nemi mota ta je ta ɗauko su.

Ana kiran azahar suka iso ƙofar asibiti. Da na leƙa motar ban gane ƙanena ba. Ƙafar ta kumbura har cinya, tana ƙyalli, leɓɓansa sun yi fari, haƙoransa kuwa ja. Wani tsohon tabo da ya samu a goshi tun yana yaro, shi ma ya buɗe yana tsatsafo jini. Ya dube ni ya ce, "Adda am," wato yayata da Fulatancinmu, "na tashe ki daga aiki."

Muka nemi keken tura marasa lafiya, aka ce yana can wani ɗaki. Maigidana da direba suka ɗauke shi a hannu suka kwantar a benci. Aka ce sai mun yanki kati. Na je tagar kati, layi ya kai bakin baranda, mai katin kuma ba ya nan. Na roƙi na gaba su yi mini haƙuri, wata mata ta ce ita ma tun safe take tsaye da yaro mai zazzaɓi a baya. Gaskiyarta ce. Na waiga na ga jini na ɗiga daga benci zuwa siminti, sai kawai na ji ina ihu, ni da nake hana yara ihu a aji.

Wata nas gajera, baƙa, mai ɗan jiki, ta fito daga ɗakin gaggawa. Ita ce Sista Naomi. Ta ɗaga tsumman ta duba, ta ga shatin roba a ƙasan gwiwa.

"Wane ne ya ɗaure ƙafa haka? Wane ne ya yanka shi?" Hausarta irin ta nan garin ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Ba ta jira amsa ba. "Ku ɗauko shi. Kati zai same mu a ciki."

Likita ɗaya ne a ɗakin, saurayi siriri mai suna Dokta Ishaya, ga marasa lafiya har a ƙasa. Ya ɗebi jinin Sa'adu ya zuba a wata 'yar kwalbar gilashi, ya ajiye a bakin taga.

"Kar kowa ya taɓa," ya ce. "Minti ashirin."

Muka tsaya muna kallon kwalba kamar za ta yi magana. Da ya dawo ya karkata ta, jinin ya gangaro kamar zoɓo.

"Kin gani, Malama? Na mai lafiya da yanzu ya zama guda. Nasa ba ya daskarewa. Duk inda ya sami ƙofa zai fita, kuma abin da nake tsoro shi ne ya fita a cikin kai. In ya ce kansa na ciwo, ki neme ni ko ina nake. Yanzu ki je ki karɓo allurar kashe dafi."

Na ruga ɗakin magani. Mutumin da ke wurin bai ko ɗago kai ba. "Babu. Ta ƙare."

"Yaushe za a kawo?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ki duba waje."

Ina juyowa wani mutum mai jaka ya matso ya ce yana da ita, kuma da sauƙi. Allah ya sa Sista Naomi ta biyo ni. Ta kore shi da hannu, ta ja ni gefe ta ce akwai wadda aka yi don macizan wata ƙasa, ko an yi wa mutum ita ba ta taɓa dafin kububuwa. Ta ce duk inda na samu, in ɗauki hoton kwalin in turo mata kafin in biya.

Ni da maigidana muka shiga keke mai ƙafa uku muka bi kemis-kemis na garin nan. Babu, babu, ta ƙare tun makon jiya. Sai dab da la'asar muka samu a wani shago, kwalba ɗaya tak, mai shagon ya ce ita ce ta ƙarshe a wurinsa kuma ba ya jin akwai wata a gari. Kuɗinta sai da Baffa ya buga waya gida aka kama bijimi aka kai wa mahauta. Dokta Ishaya ya so a samu fiye da ɗaya, amma ya ce a fara da abin da ke hannu.

Aka sa ta a cikin ƙarin ruwa. Ba a jima ba Sa'adu ya fara susa, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, yana karkarwa har gadon na motsi. Baffa ya miƙe ya ce a cire, za a kashe yaro. Sista Naomi ta rage gudun ruwan, ta yi masa wata allura, ta ce, "Baba, zauna. Na san wannan." Lokacin tashinta ya yi, wadda za ta karɓe ta ta zo, amma ba ta tafi ba sai da ruwan ya ƙare. Washegari da safe aka sake gwajin kwalba. Da aka karkata ta, jinin ya tsaya cak. Na fita baranda na yi kuka na gode wa Allah, ina zaton an gama.

Aka mayar da mu ɗakin maza. A nan na koyi zaman asibiti. Safar hannu, auduga, bandeji, sirinji, duk mai jinya ke saya, kuma ba a gaya maka gaba ɗaya, sai ka dawo a ce saura kaza. Famfon banɗaki ba ya kawo ruwa, daga masu kura muke saye a jarka. Fanka ɗaya ke juyawa a ɗakin, ita ma in akwai wuta. Aka ce Sa'adu na buƙatar ƙarin jini, amma ba za a ba da ledar jini ba sai mun kawo wanda zai mayar. A bakin ƙofa akwai samari da ke zaune suna jiran a saye nasu. Maigidana ya bayar, malamai biyu daga makarantarmu suka bayar. Na farko da aka ɗiba don gwaji ya ɓata a ɗakin gwaji, ba wanda ya ce mana yi haƙuri, sai dai aka ce a sake.

Ranar Juma'a da yamma aka kawo wani dattijo gadon da ke kusa da namu. Baba Danladi, Mumuye ne, manomin doya daga bayan duwatsu. Shi ma kububuwa ce, a hannu, kuma shi ma ya yi kwanaki a gida. Matarsa, Mama Talatu, doguwa ce mai ƙarfi, ba ta da yawan magana. Ɗansu Yohanna, magidanci, shi ya fita neman allura. Ya dawo bayan magariba hannu wofi. Ya zaga duk inda muka zaga. Ina zaune ina jin yana gaya wa uwarsa, na sunkuyar da kai, don na san inda kwalbar ƙarshe ta shiga. Aka ce masa sai dai jihar Gombe. Ya kwana yana haɗa kuɗi wurin dangi, da safe ya kama hanya.

Muka zama maƙwabta ni da Mama Talatu. In na fita sayen abu ta duba mini Sa'adu, in ta fita in riƙe wa Baba Danladi kofi. Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce wa Sa'adu, "Kai Bafillace, macijin ya bar shanunka ya zo gonar shinkafa neman ka?" Sa'adu ya ce, "Ai naka ne ya aiko ƙanensa." Su yi dariya, jini na bin haƙoran dattijon.

Ranar Asabar da rana ina goge wa Sa'adu baki na ga ja a tsumma. Na ce ko tsohon jini ne. Na sake gogewa. Sabo ne. Dokta Ishaya ya zo ya sake ajiye kwalba a taga, da ya karkata ta, ta zubo. Ya ce dafin da ya taru a ƙafar ne ke ci gaba da shiga jiki, allura ɗaya ba ta ishe shi ba. Maigidana ya sake zaga gari. Ya buga wa wani abokinsa a Yola, aka ce sai Litinin. Na buga wa Yohanna in roƙe shi ya ƙaro mana, wayarsa a kashe.

Lahadi ita ce ranar da ba zan manta ba. Asibitin ya yi tsit kamar an yi ƙaura. Sista Naomi na hutu, Dokta Ishaya ya tafi gida bayan kwanakin da ya yi bai runtsa ba. Nas ɗaya aka bari a ɗakin, wata doguwa mai jan farce, ga waya a hannunta kullum. Da sassafe Baba Danladi ya ce kansa na sarawa. Ya yi amai. Na tuna maganar likita, na je na gaya wa nas ɗin. Ta ce ta kira likitan da ke kan aiki, yana zuwa. Mama Talatu ta je. Yana zuwa. Dattijon ya fara magana da yarensu, maganar da matarsa ma ta ce ba ta gane ba, sannan ya yi shiru yana wani irin minshari. Na koma na ce, "Sista, don Allah ki zo ki gani da idonki." Ta zo ta gwada shi. Ta sake buga waya, ba a ɗauka ba. A lokacin na gane ita ma tsoro take ji, an bar ta ita kaɗai da ɗaki guda ba abin da za ta ba kowa.

Da hantsi Baba Danladi ya cika. Likitan da ake jira ya iso bayan an rufe shi da zane, ya duba, ya sa hannu a takarda, ya fita. Ban sake ganinsa ba ranar.

Sa'adu na kwance yana kallon komai. Baffa ya fita, can sai ga shi ya dawo ya tsaya a kaina.

"Tattara kayansa. Na samo mota, tana waje."

"Baffa, ina za mu?"

"Gida. Asibitin da babu magani, babu likita, me ya raba shi da ɗakin Dada? In tafiya ce, ya tafi a gaban uwarsa, ba a nan a hannun wanda bai san sunansa ba."

Abin da ya faɗa na gani da idona. Na ce a jira Litinin. Ya ce wannan ma ai jiran ya yi, ya nuna gadon da aka rufe. Muna cikin haka Sa'adu ya kamo gefen mayafina.

"Adda," ya ce a hankali, "kaina na ɗan ciwo."

Na zauna a ƙasa.

Ana haka Yohanna ya shigo, duk ƙura, rungume da wata 'yar kula mai ƙanƙara. Motarsu ce ta lalace a hanya suka kwana a daji, wayarsa ta mutu. Yana murmushi ya shigo. Ya ga zanen. Ya tsaya, ya dubi uwarsa, ya ajiye kular a ƙasa a hankali, ya durƙusa ya kifa kansa a ƙarfen gadon. Kukan babban mutum ba daɗin ji.

Ba zan ɓoye ba, idona na kan kular nan. Amma da wane baki zan roƙi matar da gawar mijinta ba ta huce ba? Na kau da kai.

Mama Talatu ta bar ɗanta ya yi kukansa. Can ta tashi, ta ɗauki kular, ta zagayo ta ajiye a cinyata.

"Malama, ki ɗauka. Maigida ya riga ya tafi. Ku ba yaro."

Na ce, "Mama, wadda Yohanna ya nema ranar Juma'a bai samu ba..."

"Na sani. Mai kemis ya gaya masa wani malama ya saya. Ɗan'uwanki ne. In ni ne, zan saya. Tashi, kar ki zauna."

Na kai wa nas ɗin da gudu. Ta ce ba za ta iya sa maganin da aka kawo daga waje ba sai likita ya gani ya ba da izini, in wani abu ya faru ita za a kama. Na roƙe ta, na ce ga shi kansa ya fara ciwo. Ta ce ta sani, ta buga wayar likitan a gabana, ba a ɗauka ba. Sai na tuna ina da lambar Sista Naomi tun ranar hoton kwali. Na buga, ta katse. Na sake bugawa. Ta ɗauka, ina jin waƙa da ganga a bayanta.

"Ina coci, Malama. Mene ne?"

Na gaya mata a rikice. Ta ce, "Kar ku buɗe kula. Kar ku bar Baffa ya fita da shi."

Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na riƙe ƙyaure. Baffa ya dube ni, ban taɓa tsayawa a gabansa haka ba. Na ce, "Baffa, ka yafe mini, amma sai dai a bi ta kaina." Ya tsaya inda yake. Direban da ya ɗauko yana ta danna oda a waje.

Sai ga keke ya tsaya. Sista Naomi ta fito da zanen cocinta da babban ɗankwali, bayanta Dokta Ishaya da silifa da rigar barci a ƙarƙashin farar riga. Gidansa ta biya ta buga ƙofa har ya tashi. Ya buɗe kular, ya duba kwalayen, kwalba biyu ce, ya ce mai kyau ce. Ya haska idon Sa'adu, ya sa shi ya matse masa yatsu da hannu biyu, ya ce, "Bari mu yi sauri." Nas mai jan farce ita ta nemo jijiya, hannun Sa'adu ya kumbura saboda yawan allura amma ta samu a karo ɗaya.

Ruwan na sauka, aka shiga maganar gawa. Motar asibiti babu mai, direbanta ma ba ya nan. Yohanna ya tsaya a baranda ya rasa ta inda zai fara, abin da ke hannunsa ya ƙare a kan allura. Baffa ya fita ya same shi. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga Baffa ya naɗe hannun rigarsa, ya kama gefe ɗaya na katifar, suka ɗauki Baba Danladi suka sa a motar da aka kawo don Sa'adu. Baffa ya shiga gaba ya raka su har ƙauyensu. Mama Talatu ta tafi ban sami ko yi mata godiya ba.

Bayan magariba aka ajiye kwalba a taga. Wannan karon ban iya kallo ba, na juya baya. Na ji Dokta Ishaya ya ce, "Malama, juyo." Ya kifa kwalbar gaba ɗaya, ko ɗigo bai zubo ba. Ciwon kan ya lafa zuwa safe. Jinin bai sake tsinkewa ba.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe ta ƙafa ce ta rage. A mako na biyu kumburin ya sauka, amma ƙananan yatsu biyu suka yi baƙi, fatar bayan ƙafar ta saɓule, wari ya fara tashi har na kusa suna toshe hanci. Babban likitan tiyata yakan zo zagaye da ɗalibai a bayansa, ya tsaya a kan Sa'adu ya yi ta Turanci da su, ya wuce, ko sannu babu. Ina jin Turanci, amma ba irin nasu ba. Kalma ɗaya na riƙe, gangirin. Na tare Dokta Ishaya a baranda, ya ce ma'anarta naman ya mutu, kuma ɗaurin robar nan da tsagar sun taimaka wa dafin. In ba a cire mataccen ba zai ci mai rai.

Dangi suka yi ta zuwa dubiya, kowa da shawararsa. Goggonmu ta kawo man shanu da zuma a shafa. Wani ya ce akwai mai magani a wani ƙauye da ke tsotse irin wannan. Da yawa suka ce kar a yarda a yanka, likitoci in sun fara ba sa tsayawa. Baffa ya saurare su duka, sannan ya ce a tambayi mai ƙafar. Sa'adu ya ce, "A cire. Ina jin warin da kaina."

Aka sa rana. Aka hana shi abinci tun dare, muka jira har azahar, aka ce janareta ya lalace. Aka sake sa wata, aka ce mai sa barci bai zo ba. Ta uku ta faɗa cikin yajin aikin gargaɗi na 'yan kwanaki da likitoci suka yi, ɗakin ya koma hannun nas-nas. Kullum da safe ina buɗe bandejin da ido ina auna inda baƙin ya kai, kuma yana matsawa. Zazzaɓi ya shiga. Ba wanda ya zo ya yi mana bayani ko sau ɗaya, sai dai mu ji a bakin masu shara. Wannan ya fi komai ci mini rai, ka ga naka yana ruɓewa kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya maka dalili.

A mako na uku aka yi aikin. Aka cire yatsun biyu da naman bayan ƙafar. Zan faɗi gaskiya, babban likitan nan da ba ya gaisuwa hannunsa na da kyau. Dokta Ishaya ya ce wani da ya ga yadda wurin ya yi, daga idon sawu zai yanke. Wankin ciwon kuwa ya danganta da wanda ka samu. Akwai wani nas namiji da ke jiƙa bandejin ya jira ya saki, yana jan Sa'adu da hirar ƙwallo. Akwai wadda ke fizgewa a bushe, in ya yi ƙara ta ce ba namiji ba ne. Har na koyi duba waye ke aiki kafin in sayo kayan wankin. Daga baya aka yanko fata daga cinyarsa aka dasa a wurin, ta kama. Mun yi kusan wata ɗaya da rabi kafin a sallame mu, bijimi na biyu ya bi na farko, ni kuma na rame har zobena na zamewa.

In aka tambaye ni ko asibitin na da kyau, nakan rasa amsa ɗaya. A can aka ceci ran ƙanena, a can kuma na ga mutum ya mutu don babu kwalbar da ya kamata a ce tana cikin firij ɗinsu, a ƙasar da kowa ya san lokacin girbi lokacin maciji ne. Abin da ya tsayar da Sa'adu ba tsarin asibitin ba ne, mutane ne da suka yi abin da ya wuce aikinsu, kuma bai kamata ran mutum ya rataya a kan ko wata nas za ta ɗauki waya a coci ba. Ga masu noma kuwa, abin da zan ce kaɗan ne. In maciji ya sari naku, kar a ɗaure, kar a tsaga, kar a kwana. Tun kuna hanya wani ya fara buga waya yana neman allurar, kuma a nuna wa ma'aikacin lafiya kwalin kafin a biya. Wanda zai yi jinya ya zama mai iya buɗe baki.

Da Sa'adu ya fara takawa da sanda, ya ce ba zai koma Lau ba sai ya ga Mama Talatu. Yohanna ya gaya mana tana Nukkai, nan Jalingo, wurin 'yarta tun bayan makoki. Muka je wata Asabar, ni da shi da Baffa. Muka same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, ta rame, an aske mata kai. Baffa ya yi gaisuwar ta'aziyya, ya ajiye abin da muka kawo. Sa'adu ya buɗe baki zai yi godiyar da ya kwana yana shiryawa, ba ta bari ya fara ba.

Ta ajiye tiren, ta ce ya cire takalmin. Ta duba ƙafar da kyau, ta shafa wurin da aka dasa fatar da babban yatsanta.

"Tashi," ta ce. "Ajiye sanda. Je wurin mangwaro can ka dawo, in gani."

Ya miƙa mini sandar. Ya tafi yana ɗingishi, a hankali, ya taɓa bishiyar, ya juyo ya dawo ya tsaya a gabanta yana haki. Ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ta share fuska da bakin zane.

"Yauwa," ta ce. "Sake."

Ya sake.